Ƙofar Gefen Inna

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen garejinku. Yaya kunnen? Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka yi wancan karon, ina ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, kai kuma kana ta cewa "na'am, na'am" ba ka ji komai ba. Shi ya sa na ture ɗinki gefe na ɗauki biro.

Mu nan lafiya lau. Tun rasuwar Baba na dawo da keken ɗinkina gida, ina aiki a ƙaramin ɗakin da ke kallon tsakar gida. Inna tana cin abinci, tana barci, sai dai mantuwar tana ƙaruwa. Wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu.

Maganar tsohuwar motar Baba ce ta sa na rubuto. Tana nan jikin katanga a ƙarƙashin tamfol, tayoyin sun sace. Kullum da la'asar Inna takan ɗage gefen tamfol ɗin, ta buɗe ƙofar gaba, ta zauna a wurinta na da. In ta gaji ta fito ta rufe.

Makon jiya Baffa ya zo da wani mutum mai tara tsofaffin motoci. Ya buɗe bonet ya duba lambar bodi, ya gyaɗa kai. Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu yana manna shi a jikin motar, wai yana neman inda aka yi ciko. Da ya zo ƙofar gefen Inna sai ya tsaya. Ya buɗe, ya rufe, ya shafa mariƙin, ya ce, "Wannan ƙofar baƙuwa ce, ba da ita motar ta fito ba." Duk da haka yana so ya saya.

Baffa ya ce a sayar a sa a cikin gado. Inna ta ce ba gado ba ce, Baba ya ba ta motar kyauta tun yana raye, kuma a gabanka aka yi. Baffa ya ce shi bai taɓa jin haka ba, kuma kowa ya san halin da ƙwaƙwalwarta take ciki. A ƙarshe ya ce a tambaye ka, duk abin da ka faɗa ya zauna.

To Kawu, ga hotunan motar na sa a ciki. Ka duba mana maganar ƙofar. Sannan ka faɗa mana gaskiya, motar ta Inna ce?

Taka,
'yar yayarka

*

Zuwa ga 'yata,

Na sami wasiƙarki da hotuna, na ji daɗi ƙwarai. Ki gaishe min da Yaya da kyau, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar kaza ta taka tawada. Ƙarfe ya yanke ni a tafin hannun dama, an yi ɗinki, da hagu nake rubutawa. Don haka ba zan tsawaita ba.

Na daɗe ina kallon hotunan. A gabana aka yi komai, ban manta ba. Amsar ɗaya ce, ko da ba za ta yi muku daɗi ba: ba tata ba ce. Mutumin bai yi ƙarya ba. In hannu ya warke zan rubuto miki yadda abin ya faru.

Kawunki

*

Zuwa ga 'yata,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Yaya? Hannuna ya warke, an cire zaren, sai ɗan tsami da safe. Na zaci zan ji daga gare ki kafin yanzu. Kullum in na sauko daga ɗakina sai na leƙa akwatin wasiƙu na ƙofar gareji, ba komai sai takardun talla. Na ce wataƙila ɗinki ya yi miki yawa.

Ga bayanin da na yi alkawari. Ƙofar asali ta motar nan, wata babbar mota ce ta murƙushe ta a bakin kasuwa tana ja da baya, lokacin Yaya tana ɗauke da cikinki. Allah ya sa Yaya ta fita sayayya. Ina sabon fanal bita, mai gyaran jikin mota, a lokacin, babanki ya kawo min ita. Muka nemi irinta muka rasa, sai muka sami ta wadda aka ƙera bayan shekara biyu. Daga nesa ba ki bambanta su. Amma ta asali mariƙinta maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsa, wannan kuwa jansa ake yi. Ta asali tana da ɗan gilashi mai kusurwa uku a gaba, wannan ba ta da shi. Tazarar hinjin, ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa, ma ba ɗaya ba ce, akwai bambanci kamar faɗin yatsa biyu. Sai da na yanke mazaunin hinjin a jikin ginshiƙin motar, na sauko da shi, na yi walda. Shi ya sa sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Babanki yakan ce ƙofar mai zaman banza ce, Yaya ta ce in dai ita ce mai zaman banzan, to ya nemi wanda zai riƙa nuna masa hanya.

Aikinmu ke nan a nan wurin. Masu kawo mana motoci ba hawa suke yi ba. Mutum zai zo ya durƙusa da tocila yana duba ko notin da ke ƙarƙashin kujera na shekarar motar ne. In ya ga baƙo ɗaya, ransa ya ɓaci. Muna gama mota tana sheƙi, a ɗora ta a bayan babbar mota a kai ta ɗaki a rufe. Akwai wadda na yi shekara ina bugun jikinta, ban taɓa jin ƙarar injinta ba. Ko da yake ko an tayar ma ba lalle in ji ba.

Tsohon da muke cin abincin rana tare a kan benci, mai fenti, ya bar aiki, 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi. Sauran ma'aikatan mutanen kirki ne, amma sun gaji da maimaita min magana, sai su yi min nuni da hannu. Ranar hutu ba ni da wurin zuwa. Saboda haka na mayar da neman ƙofarku abin yi. Ina hawa bas zuwa ƙarshen gari inda ake jibge matattun motoci, in yi ta yawo tsakaninsu da tef ɗin awo a aljihu. Na ga guda uku, biyu na wata shekara ne, ɗaya tsatsa ta cinye gindinta. Ranar hutun da ta wuce na same ta a rumfar wani dattijo, a jingine bayan tarin bambar motoci. Na danna maɓallin, ya amsa kamar jiya aka yi shi. Na tsaya ina ta dannawa har dattijon ya yi min dariya.

Tana ɗakina yanzu, tsakanin gado da taga. Ina kankare ta kaɗan kaɗan bayan an tashi aiki. Ki aiko min da awon ramin ƙofar, sama da ƙasa, da tef ɗinki na ɗinki. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan hannu ya warke. Inna tana nan.

Na daɗe ban rubuto ba don ban san abin da zan ce ba. Ranar da gajeruwar wasiƙarka ta zo, na kira Baffa kamar yadda aka yi alkawari, ban ma buɗe ta ba sai a gabansa, don na tabbata abin da za ka faɗa. Na karanta da ƙarfi, Inna tana zaune a kan tabarma. Da na zo wurin "ba tata ba ce, mutumin bai yi ƙarya ba", Baffa ya gyara hularsa. Inna ta dube ni ta ce, "Auta ne ya faɗi haka?" Na ce shi ne. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Tun ranar ba ta ƙara zuwa wurin motar ba. Da la'asar takan zauna a bakin gado da mayafinta a kafaɗa, kamar mai jiran a zo a ɗauke ta.

Ban ce ka yi ƙarya don mu ba. Amma ita kaɗai ta rage maka, kuma ka san abin da ake faɗa a kan hankalinta. Da ka sassauta kalmar, ko ka rubuto min ni kaɗai in san yadda zan yi. Yanzu ko ruwa ta ce ta sha, sai a dube ni a ga ko gaskiya ne.

Baffa ya gama magana da mai sayen, zai zo da motar ja in wata ya ƙare. Wasiƙarka ta biyu ta iso. Tana cikin aljihun keken ɗinki, ban buɗe ba.

'Yar yayarka

*

A bayan ambulan: ƘOFA NAKE NUFI, BA MOTA BA. KI BUƊE.

'Yata,

Ina fatan kin buɗe. Gaisuwa a taƙaice, hankalina ba a kwance yake ba.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a ƙofar gareji, sai da na nemi wuri na zauna. Ƙofar ce ba ta motar ba. Mutumin da na ce bai yi ƙarya ba, mai maganaɗisu nake nufi, ba Baffanku ba. Tambayarki ta biyu ban ma ɗauke ta tambaya ba, don a wurina ba abin tambaya ba ne. Na ga hotuna, idona ya tafi kan mariƙin ƙofa, hannu yana zafi, na rubuta abin da ke kaina. Shekarun da na yi ina magana da ƙarfe sun fi waɗanda na yi ina magana da mutane.

Motar ta Yaya ce. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti tana riƙe da ke a hannu, ni na zauna a baya riƙe da kwandon kaya. Da muka tsaya a ƙofar gida babanki ya kashe mota, ya zare makulli, ya sa mata a cikin zanen da aka naɗe ki. Ya ce, "Daga yau taki ce, ni direba ne kawai. Auta, ka shaida." Na ce na shaida. Yaya ta ce to direban ya fito ya buɗe mata ƙofa. Ya fito ya buɗe. Bai taɓa janye maganar ba, ko da wasa. Na rubuta wannan a takarda dabam na sa hannu, ki kai wa Baffa. In yana so in faɗa da bakina, ya kira, zan yi magana ko ban ji amsarsa ba.

Ƙofar asali da na samo, bayaninta yana cikin wasiƙar da ba ki buɗe ba. Da na ga shiru ya yi yawa na riga na sa ta a akwatin katako na aiko, tana hanya. Ba za ta zauna haka kawai ba, sai an yanke mazaunin hinjin da na sauke an mayar da shi sama. Ki nemi mai hannu mai sanyi.

Ki ce wa Yaya ƙaninta bai ƙaryata ta ba. Ki faɗa mata sau nawa ne ma, in ta manta ki sake.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa da neman gafara. Na ga rubutun bayan ambulan tun a hannun mai kawo wasiƙa. Na buɗe, na koma na buɗe ta aljihun keke, na karanta su a jere. Ranar ban yi ɗinki ba. Ka yafe min, Kawu. Kana can kana yawo cikin matattun motoci saboda mu, ni ina nan ina fushi da kai.

Na kai wa Baffa takardar. Ya karanta sau biyu, ya ce, "To ai da sai ya ce ƙofa." Sannan ya ce shi ba cin haƙƙin kowa yake so ba, ganin motar tana ruɓewa ne yake damunsa, ɗan'uwansa ya sha wahala a kanta. Da kansa ya je ya ba mai sayen haƙuri.

Na faɗa wa Inna saƙonka. Abin da ya fi ba ni tausayi, ta manta da wasiƙar gaba ɗaya, amma ba ta manta ɓacin ran ba. Ta ce, "Na san wani ya yi min abu, ban san ko wane ne ba." Na ce kuskure ne, an gyara, motarta ce. Ta ce, "Da ta wa ce?" Washegari da la'asar ta ɗauki mayafi ta je ta zauna a wurinta.

Sai akwatin ya iso. Ƙofar ta yi kyau, har Baffa ya zo kallo yana danna maɓallin. Na kira wani fanal bita da ake yabo a unguwa. Ya cire tsohuwar, sandar hinjin sama ta karye a hannunsa, ya ce dama tsatsa ta cinye ta. Ya ɗaga sabuwar ya gwada, ta ƙi zama, kamar yadda ka ce. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon waldarka. Ya ce shi ba zai sa wuta a ginshiƙin nan ba, ƙarfen ya yi siriri, wanda ya yi aikin shi ya san inda ya bi. Ya nemi irin sandar da ta karye a kasuwa bai samu ba. Ya tattara kayansa ya tafi.

Yanzu motar ba ƙofa. Tsohuwar tana kwance a ƙasa, sabuwar tana jingine da katanga.

Inna ta fito da la'asar ta ɗage tamfol, ta miƙa hannu inda mariƙin yake, ba komai. Ta tsaya da hannun a miƙe. Ta ce, "Wa ya ɗauke ƙofata?" Na ja ta na nuna mata sabuwar, na ce wannan ce ta asali, Kawu ya aiko daga nesa. Ta nemi abin ja ba ta samu ba, na nuna mata maɓallin. Ta janye hannunta ta ce, "Wannan ba ta motar Malam ba ce. Tawa sai an ɗaga ta." Ba ta shiga ba. Ta ce ba ta zama a mota a buɗe kamar kayan kasuwa.

Kullum sai mun yi haka, don kullum sabon abu ne a wurinta. Na fara jin tsoron la'asar.

Ban ce ka zo ba, na san aiki, na san nisa. Ka dai faɗa min abin da zan yi. Ga awon da ka tambaya a bayan takardar, ko da ya makara.

Taka,
'yar yayarka

*

Zuwa ga 'yata,

Na sami wasiƙarki. Babu abin yafewa, ni da ke duk tsoro ne ya yi mana yawa. Ki gaishe da Baffanku, ki ce na gode.

Tsohuwar ƙofar za a mayar. Mutumin nan ya yi daidai da bai sa wuta ba. Sabuwar ki shafa mata mai a gefuna, ki naɗe ta da tsohon bargo, ki ɗaga ta daga ƙasa. Wata rana in motar ta koma hannun masu tocila, za su neme ta. Yanzu ba lokacinsu ba ne. Tsohuwar kuma kada ki bar ta a kwance ruwa ya taru a cikinta, ki tayar da ita tsaye.

Sandar hinjin ba za a same ta a kasuwa ba, don ba ta kowace mota ba ce, ni na yi ta. Na duba awonki, na tsaya bayan an tashi aiki na fere wata a kan injin. Tana nan a kan teburina. Na sa ta a ambulan, na rubuta adireshi, sai na zauna ina kallonta. Wa zai sa ta? Sai an ɗaga ƙofar daidai yadda Yaya take ɗagawa kafin a buga, in ba haka ba, za ta rufu lafiya lau ba ɗagawa, ita kuma ta ce ba tata ba ce.

Na yi wa maigidan gareji magana. Ya rubuta min a takarda, don kada in ce ban ji ba, cewa akwai motoci biyu da ke jirana. Na rubuta masa a ƙasa cewa waɗannan ba mai zama a cikinsu. Ya ba ni hutu, bai sa ranar dawowa ba, ni ma ban tambaya ba. Zan taho da ƙaramar guduma da sandar a aljihu. Sauran kayana ba su da yawa, na yi mamakin yadda jaka ɗaya ta ɗauke su.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Rabon da Yaya ta gan ni gashina baƙi ne. Tana tuna Auta, amma Autan da take tunawa saurayi ne mai ji da kunne biyu. Ban san abin da zan yi ba in ta dube ni ta gaishe ni kamar baƙo. Na yi ta tunanin wannan a kan bencin cin abinci, na ga ko haka ta faru, gara a yi ina tsakar gidan.

Ki share min ko lungu ne kusa da keken ɗinkinki, ƙararsa ba za ta dame ni ba. In ta tambaya wane ne zai zo, kada ki wahalar da ita da bayani. Ki ce mai gyaran ƙofa ne.

Kawunki